Yadda na koya wa surukina Turanci a tsugune

Ni dai har gobe ina jin haushin Turanci, ko da yake da shi na ci abinci shekara da shekaru. Harshe ne marar amana. Za ka san kalma, ka saki jiki da ita, sai a liƙa mata wata 'yar wutsiya, ta yi kamar ba ta taɓa ganinka ba. Ɗauki get kawai. Sa mata up, mutum ya tashi. Sa mata down, ya sauko. Sa mata out kuwa, ka kore shi ke nan, zumunci ya ɓaci. Na sha zane yara a aji a kan waɗannan wutsiyoyi, Allah ya yafe mini. Amma ɗalibin da ya fi ba ni wahala ba yaro ba ne, uban matata ne.

A Jibiya aka yi wannan, shekaru kaɗan kafin Turawa su tattara komatsansu. Ina sabon malamin makaranta, na fito daga horon malamai a Katsina da wando mai kari da alƙalami a aljihun gaba, ina jin ko Ingila aka jefa ni ba zan nemi tafinta ba. Aurena bai cika shekara ba.

Surukin nawa tsohon soja ne, ya je Boma ya dawo. Duk gari Saje ake ce masa, ko da yake masu gulma sun ce a kofur ya tsaya. Aikinsa tsaron shingen kan iyaka, wani dogon ƙarfe mai dutse ɗaure a gindi. Shi ke ɗagawa, shi ke saukewa. Motocin gyaɗa daga Maraɗi, raƙuma, masu jakuna, kowa sai ya jira shi. Yana da kaki, da bel mai sheƙi, da sanda, kuma wannan kakin shi ne duk abin da yake taƙama da shi a duniya. Turancinsa bai wuce uku ba: kamon, sharraf, gerawut. Da gerawut yake korar mutum, da ita yake cewa a wuce, na taɓa ji ma ya yi wa wani baƙo maraba da ita. Aiki kuwa yana tafiya lafiya lau, don ba mai sauraron bakinsa, sandar ake kallo. Inda ta nuna, nan ake bi.

Sai aka kawo wani sabon Bature ofishin kan iyaka, yaro ƙarami mai jajayen kunnuwa, irin masu son gyara abin da bai lalace ba. A gaskiya yana da hujja, don direbobin Kudu da ba su jin Hausa sun fara yawa. Ya sa aka sanar cewa bayan wata guda zai gwada mai tsaron shinge da Turancin baka. In ya ci, ya zauna. In ya faɗi, ya tuɓe kaki.

Matata ce ta kawo mini saƙon, tana murmushi.

"Baba ya ce wai ka riƙa leƙawa bayan la'asar ku taɓa Turancin nan. Ya ce ba don bai iya ba, so yake ya ga ko kai ka iya."

Mutumin da tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba, ban san launin ƙwayar idonsa ba, in na hango shi a kasuwa sai in faɗa layin masu tukwane in tsaya ina tayin abin da ba na so. Shi ne yau zan zama malaminsa.

Na tafi. Na tuɓe takalma tun daga bakin zaure, na tsuguna kusa da ƙofa, littafi a kan gwiwa, ido a ƙasa. Ɗalibi kuwa yana bisa kujera, ya harɗe ƙafa, yana ɓare goro.

"To, Malam, hwara," in ji shi.

A aji, in zan koyar da irin wannan, umarni nake bayarwa: tashi, zauna, fita, shigo. To wane ni in ce wa surukina ya tashi ko ya fita, ko da a harshen Nasara ne? Sai na bi ta bayan gida.

"Baba, in Bature ya ce get down, me yake so a yi?"

"A shiga mota."

Sauka ake nufi. Da ɗan ajina ne, da tuni ya ji a jikinsa. Na dubi tabarma, na ƙirga zarenta, na ce, "Madalla, Baba."

"Ƙaro wata."

"In ya nuna mota ya ce turn back fa?"

"A buɗe mata hanya."

A mayar da ita baya ake nufi. Na ce, "Allah ya ƙara basira."

Haka muka yi ta yi kullum bayan la'asar. Ni in tambaya, shi ya ba da amsar da ta zo bakinsa da muryar fareti, ni in sa albarka. Wata rana ya ga ina ta jaddada ƙarshen kalma, ina cewa up, ina cewa down, ko Allah zai sa ya lura da kansa. Sai ya yi dariya.

"Malam, wutsiyar ga da kake damun kanka da ita ado ce, kamar tuntun hula. A Boma ba mai sauraron ta. Hannun mutum kake kallo, da jijiyar wuyanshi."

Abin haushin shi ne maganarsa da ƙamshin gaskiya, don da haka ya je yaƙi ya dawo da ƙafafunsa biyu.

Sau ɗaya tak na yi ta maza. Saura mako guda, ya sake cewa get down shiga ne, na yi gyaran murya na ce, "Baba, a littafi dai kamar sun rubuta wani abu daban."

Ya daina tauna goron. Ban ɗaga kai ba, amma na ji idonsa a ƙeyata.

"Mi suka rubuta?"

Na ji bakina yana cewa, "A'a, tsohon littafi ne, Baba. An ma daina amfani da shi."

In na koma gida matata takan tambaye ni, "Yaya Baba da karatu?" Ni kuma in ce, "Yana ƙoƙari ƙwarai." Ta ji daɗi, ta ƙara mini nama a miya. Ina ci ina lallashin kaina cewa ai Baturen zai yi nuni da hannu, kowane Bature yana yi, Baba kuwa gwanin karanta hannu ne.

Ranar gwaji da hantsi mutane suka taru a bakin shinge kamar za a yi dambe. Ni na laɓe a gindin wata bishiyar bedi. Baba ya sha guga, bel yana walƙiya. Baturen ya fito da akawunsa mai yi masa tafinta, ya tsaya, sannan ya yi abin da ya kashe mu: ya zuba hannayensa biyu cikin aljihun gajeren wandonsa, bai sake fito da su ba.

Akwai wata motar gyaɗa a tsaye. Ya sa Baba ya hau matakalarta, sannan ya ce ya sauko. Baba ya buɗe ƙofa ya shige, ya zauna kusa da direba, ya miƙe wuya. Da ƙyar aka fito da shi. Aka ce ya mayar da motar baya, ya ruga ya ɗaga ƙarfe, ya ƙame ya sara mata. Direba ya ga hanya a buɗe, ya taka mai, sai da akawu ya bi shi da gudu yana ɗaga hula. Mutane suna ta toshe baki da hannun riga. Ba a kai tambaya ta shida ba Baturen ya girgiza kai.

Da akawu ya gaya wa Baba sakamako, bai yi fushi ba, mamaki ya yi.

"Gaya mishi ya sake dubawa," in ji shi. "Surukina malami ne, a Katsina ya yi karatu. Wata guda muna yi, ko sau ɗaya bai kama ni da kure ba. Ga shi can."

Ya nuna ni da sanda. Duk taron ya juyo. Ni kuwa na sunkuya ina gyara igiyar takalmin da ba abin da ya same ta.

Washegari Baba ya mayar da kaki da bel, a ninke. Da yamma matata ta tsare ni a tsakar gida, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Ka san bai iya ba?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko."

"Ai ba wanda ya ce ka gyara shi da bakinka. Da ni ka gaya wa, in gaya wa Inna, Inna ta gaya masa a kan tuwo. Haka ake gyara maza tun da aka kafa garin nan. Kai kaɗai ne ba ka sani ba, da duk karatunka?"

Na sani sarai. Kunyarta ita ma na ji, ban so in ce mata ubanta bai san komai ba. Na tsare mutuncina a gaban uba, na tsare shi a gaban 'ya, tsoho ya rasa aikinsa. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar ranar ba.

Baba ya kasa zaman Jibiya yana ganin wani a bakin ƙarfensa. Kafin damina ya koma ƙauyensu wajen Daddara, ya ɗauki fartanya da furfurarsa, abin da ya rabu da shi tun kafin ya shiga soja.

Da kaka sai ga jaki a ƙofar gidana da taiki biyu na gero. Wanda ya koro shi, wani maƙwabcin Baba ne, ya ce, "Saje ya ce a gaya wa Malam ladan karatu ne. Ya ce ka yi iyakar ƙoƙarinka, kada ka sa abin a ranka."

Ba a mayar wa suruki kyauta. Wata uku muna cin geron nan. Matata ba ta sake tayar da maganar ba, sai dai duk ranar da ta tuƙa shi, takan ajiye kwanon a gabana ta tsaya a kaina har sai na sa hannu.