Malam Haliru mai gyaran kyamara da muryar da na saki a kansa

Da hantsi Malam Haliru yake buɗe shagonsa a Tudun Wada, cikin Gusau. Ba ya taɓa komai sai ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya kashe fanka komai zafin gari, don kada iska ta ɗauke masa ƙusar da ba ta kai ƙwayar gero ba. Sannan ya maƙala tabarau, ya yi bisimilla. Shekara talatin da ɗoriya ke nan yana buɗe cikin kyamarorin mutane. Duk wadda ya gyara sai ya ɗiga mata jan fenti a cikin murfin batir, ɗigo ɗaya a kowane zuwa. A bayansa akwai kwalaye cike da matattun kyamarori, waɗanda mu masu hoto muke kira maƙabarta muna dariya.

Ni Mahadi, mai ɗaukar hoton biki, ina cikin masu dariyar. Kuma ni na ɓata masa suna, shi ya sa jinjinar nan take yi mini nauyi a baki.

In gwanintarsa kuke son ji, ku tambayi Lukuman na Kwatarkwashi, wanda kyamararsa ta faɗa rafi da damina. Kwana tara Malam Haliru yana shanya ta gaɓa-gaɓa, har ta tashi. Ku tambayi Hajiya Binta ta Tsafe, mai shiga cikin mata ta ɗauki hoton kamu da wuni. Kyamararta ta girmi babban ɗanta, amma har yau tana ci da ita, albarkacin wannan dattijo.

Tawa kuwa ta 'yan gayu ce. Na saye ta dubu ɗari tara lokacin da naira take da sauran ƙarfi, ina rataya ta ina tafiya kamar ni na ƙera ta. Ita ma Malam Haliru ya taɓa gyara mini ita sau ɗaya. Bara waccan shotarta ta mutu, wato labulen nan na ciki da ke ƙiftawa idan an danna. Na kai wa Malam Haliru ranar Litinin, ya buga wa dillalinsa na Kano, ya ce dubu tamanin. Na ce zan yi shawara. Da na koma ranar Alhamis sai ya ce ta zama dubu ɗari da biyar.

"Malam, kwana ukku kacal?" na ce.

"Mahadi, kuɗin Litinin nib ba ka ran Litinin. Dala ta hau, kuma wanga abu ba a Gusau aka yin shi ba."

"Dala ɗiyarka ce, da kullum kai ka sanin ta girma?"

Sai ya mayar mini da kyamarata cikin jakarta, har da goge mata ƙura. Ni kuwa ko gida ban kai ba na tsaya a bakin titi, na saki murya a zaurenmu na masu hoto a waya, mu fiye da ɗari daga Gusau zuwa Tsafe da Bungudu. Na ce Malam Haliru macuci ne, yana fakewa da dala yana yankar mutane, kuma wa ya san abin da yake cirewa a cikin kayanmu yana tarawa a kwalayen nan. Magana zarar bunu ce. Kafin la'asar ta fita daga zauren ta shiga gari.

Na hau mota zuwa Kano ina huci, da niyyar in sayi sabuwa in huta. Irin tawa sak, aka ce miliyan uku da rabi. Na yi dariya, na ga mai shagon bai yi ba. Ya ce daga waje ake kawo su, da dala ake biya, ga kuɗin fito, kuma farashin safe ba ya kaiwa yamma. Na tambayi shota kaɗai, ya ce dubu ɗari da talatin, ban da aiki. Ashe dattijon ko ladan hannunsa bai ɗora ba.

Da ni mutumin kirki ne, da shagon Malam Haliru zan wuce kai tsaye. Ni sai na bi ta Tsafe, na roƙi Hajiya Binta ta kai masa kyamarar a matsayin tata. Bayan kwana huɗu ta dawo da ita tana aiki ras. Ya ciro shota daga maƙabartar nan da na zarge shi a kanta, ya karɓi abin da bai taka kara ya karya ba. Ta miƙo mini tana kallona, ta ce: "Yana buɗe murfin batir yag ga ɗigonai. Ya ce in gaya ma Mahadi shi bar aje ta cikin but ɗin mashin, zahi ka kashe ta."

Da ƙasa za ta tsage, da na shige. Amma na karɓa, na ci gaba da cin bukukuwana, na yi gum fiye da shekara. Muryata tana nan tana yawo, yara sababbin shiga suna gargaɗin juna da ita, shagon yana ta yin shiru.

Makon jiya na ji zai rufe a ƙarshen wata, ido ya fara gajiya. Na je na durƙusa a gaban teburinsa, na ce ya yafe mini.

"Ni na yahe tun ran nan," ya ce. "Amma ba nan kay yi maganar ba, Mahadi. Gaban mutane ka zubar da ita. Ina da ɗiya, kuma sunan nan shi kaɗai za ni bar musu."

Malam, kai ne ka riƙe mana sana'a lokacin da sabuwar kyamara ta fi ƙarfin kowa a cikinmu. Kai ne mai rufa asirin wanda ya tona naka. Na gode, Allah ya ƙara wa idonka haske, ya albarkaci zuri'arka. Ku kuma matasa masu gyara, ku je ku zauna kusa da farin ƙyallen nan kafin a naɗe shi, ku koyi aikin, ku koyi halin.

Ni Mahadi, da bakina na ce Malam Haliru macuci ne. Ƙarya na yi masa. Duk wanda ya tura waccan muryar, don Allah ya tura wannan har inda ta kai.