Ranar da Ƙasa ta Girgiza Muna Gonar Awaki

Muna idar da sallar asuba muka bar Hyattsville, ni da abokina mutumin Maraɗi da wata Hajiya 'yar Kumasi, nas a wani asibiti a Largo. Azumi ya kusa ƙarewa, muka haɗa kai za mu yanko akuyar Sallah a wata gona can cikin jihar Virginia, inda nama ya fi araha.

Sammakon ya yi rana, mun wuce kafin titi ya cushe. Daga nan sai gonakin masara da shanu ƙosassu, har abokina ya ce da nasa ne, da ya koma gida ya yi sarauta. A gonar muka tarar da layi, ga Somaliyawa ga 'yan Pakistan, kowa na nuna dabbarsa. Har azahar muna ɗakin jira.

Sai na ji rugugi kamar tirela za ta shigo ɗakin. Tagogi suka hau kaɗawa, kwalaben zumar sayarwa suna faɗowa daga kan kanta. Na zabura zan fita, Hajiya ta damƙe rigata.

"Malam, kada ka fita. Shiga ƙarƙashin teburin nan, ka kare kanka, ka riƙe ƙafarsa."

Mu uku muka cusa kanmu ciki, abokina yana ta salati. Abin bai kai minti ɗaya ba. Da ƙasa ta lafa muka fito, sai ga bulolin bututun hayaƙi zube daidai bakin ƙofar da na nufa. Hajiya ta ja mu fili, nesa da bango da wayoyin lantarki, ta ce girgizar takan dawo.

Ni dai hankalina yana gida. Maiɗakina tana hawa na uku na benenmu da jaririnmu ɗan wata biyu. Na kira, na sake kira, waya ta ƙi shiga. Hajiya ta ce in tura saƙo, shi yakan wuce. Jiran amsar ya fi min tafiyar tsawo. Can sai ga ta: "Lafiya lau muke, muna waje." Na rubuta mata kada ta hau lif, kada ta kunna murhu sai an duba gas.

Da namanmu muka juyo, abokina yana tuƙi a hankali, musamman a kan gada. Mun iso gab da shan ruwa, maƙwabta cike a filin ajiye motoci ana jiran a gama duba ginin. A nan muka sha ruwa da dabino, muka miƙa wa Turawa da 'yan Salvador da ke kusa, yaron yana barci a kafaɗata. Kafin isha aka ce kowa ya shiga.

Washegari na ɗaure kabad da bango, na sauke madubin da ke saman gadon yaro, muka zaɓi teburin da za mu shige ƙarƙashinsa in girgizar ta sake zuwa. Tun ina ƙarami na ɗauka in abu ya faru gudu ake yi. A tafiyar nan na koyi durƙusawa in jira.