Baba Mudi Mai Laima, Mai Zagayawa da Baƙi a New Bell

Duk ranar Asabar da Lahadi, idan aka idar da sallar asuba, Baba Mudi ba ya komawa gida. Yakan tsaya wurin Affan mai shayi ya sha kofi ɗaya ba madara, ya goge takalmansa na roba da tsumman da ke aljihunsa, sannan ya je ya tsaya a kusurwar masallacin layin mahauta, baƙar laimarsa a hammata. Ƙarfe bakwai na cika zai ɗaga ƙafa. Idan mutum goma suka zo, da su zai tafi. Idan mutum ɗaya ne, da shi zai tafi. Affan ya rantse mini cewa an sha yin ranar da ba wanda ya zo saboda ruwa, amma tsohon ya buɗe laimarsa ya yi zagayen shi kaɗai, wai don ya ga ko an rushe wani abu a cikin mako.

Shekara ashirin da biyu ke nan yana wannan aiki, tun da ya bar aikin tashar jiragen ruwa. Ba wanda ya ɗauke shi, ba wanda ya naɗa shi. Yana tafe da mutane awa uku a ƙafa cikin lungunan unguwar Hausawa ta New Bell a Douala, yana nuna musu abin da mu da aka haifa a ciki muke wucewa ta gabansa kamar makafi. Shi ne zai tsayar da kai a ƙofar tsohon gidan katako, irin wanda muke kira karabot, ya ce ka dubi yadda aka yi masa zaure. "Kakanninmu ba su tarar da jan laka a nan ba," in ji shi, "katako suka tarar. Amma ba su yarda baƙo ya faɗa cikin gida kai tsaye ba, sai suka gina zaurensu da katakon." Zai nuna maka dalilin da ya sa dokin ƙofa ya kai gwiwa, wato ambaliya, ya nuna maka ramukan shan iska da aka sassaƙa a saman taga, ya gaya maka wace unguwa ce ta masu goro, wace ce ta masu shanu, da inda gidajen Hausawa suka ƙare na ƙabilar Bamileke suka fara.

To, me muka yi masa, mu mutanen unguwa? Mun sa masa suna. "Monsieur le guide!" wato malam ɗan jagora da Faransanci, haka matasa suke ƙwala masa kira daga kan baburansu, suna dariya. Manya kuwa a ɓoye suke nasu, wai yana kwaso Turawa suna ɗaukar hoton talaucinmu. Ni da nake wannan rubutu, Rahinatu, a layin bayan gidansa aka haife ni, malamar makaranta ce ni, tarihi nake koyarwa, amma sai da na shekara arba'in kafin na bi shi zagaye sau ɗaya. Kunyar da na ji ranar ba ta sake ni ba har yau. Kuma ranar na ga ƙaryar masu gulma da idona. Wata Baturiya ta ɗaga na'urarta za ta ɗauki hoton wata mata tana wanki a bakin kwata, sai ya tare gabanta da laima.

"Madame, kin tambaye ta?"

Ta ce a'a.

"To sauke. Nan gidan mutane ne. Kwatar tamu ce, ba mu musu, amma ki fara ɗaga kai ki dubi rufin nan tukuna."

A cikin zagayen nasa akwai wurin da ya fi daɗewa, gidan Tsohuwa Delu. Delu ta rasu tun ina ƙarama, amma a zamaninta gidanta ne masaukin fatake. Duk wanda ya sauko daga Arewa bai san kowa a Douala ba, can ake kai shi. Baƙin nan suna da wata al'ada: ranar da mutum zai bar gidan, sai ya sa tsinin wuƙa ya rubuta sunansa da garinsu da ajami a bangon zaure. Baba Mudi ya ƙirga suna ɗari da sittin da uku, kuma fiye da rabinsu ya san inda zuriyarsu take.

Shekara shida da suka wuce wata Hajiya Hadija ta zo daga Kano sarin kaya. Ta yi ta tambaya a kasuwa ko akwai wanda ya taɓa jin labarin kakanta, wani Ɗanbaba mai goro, wanda ya taho Douala kafin a haifi mahaifinta, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. 'Yan kasuwa suka yi ta tura ta wurin juna, har wani ya ce, cikin raha, ta je ta tambayi mai laima. Affan yana wurin lokacin da ta zo. Ya ce Baba Mudi ya tambaye ta, "Hajiya, daga wace unguwa ya fito a Kano?" Da ta faɗa, sai ya miƙe ya ce ta biyo shi. Ya kai ta zauren Delu, ya durƙusa, ya share ƙura da hannun rigarsa a katako na uku daga ƙasa. Ga sunan, ga unguwar. Daga nan ya wuce da ita gidan wata tsohuwa mai sayar da ƙosai a bayan layin dogo, ya ce, "Asibi, ga 'yar ɗan'uwanki." Ashe Ɗanbaba ya sake aure a nan, ya haifi 'ya ɗaya, ya rasu tana goye. Matan biyu suka rungume juna a bakin kasko suna kuka har ƙosan ya ƙone.

Kai ne ka yi wannan, Baba. Ba ofishi, ba takarda, ba waya. Ƙwaƙwalwarka da ƙafarka.

Yanzu ku ji abin da ya sa nake rubutun nan raina a ɓace. Bara waccan Isma'il, jikan Delu, ya yanke shawarar sayar da gidan. Ba zan zage shi ba. Rufin yana yoyo, gara ta ci rabin ɗakunan, magada sun yi yawa, kowa yana son nasa. Baba Mudi ya je ya same shi.

"Isma'il, ban ce kada ka sayar ba. Zauren kawai. Ka ba mu lokaci mu san yadda za mu yi da zauren."

"Baba, ni ba na ƙi. Amma ku su wa? Wa zai zo ya ce ga shi ya ɗauki nauyi? In kwamitin unguwa ya yi magana, zan jira."

Wata biyu Isma'il ya jira, a ba shi gaskiyarsa. Baba Mudi ya kai maganar gaban kwamiti sau huɗu. Zama na farko aka ce shugaba, Alhaji Muhammad Bashir, ya maƙale a cunkoson motoci a Ndokoti, a ɗaga. Zama na biyu aka cinye lokacin a kan gardamar wa zai riƙe makullin ɗakin ajiye kujeru. A zama na uku aka ba Baba Mudi minti biyar. Ina wurin. Ya tsaya yana bayani, rabin mutanen suna danna waya. Da ya gama, Alhaji ya yi murmushi ya ce, "Malam Mudi, Allah ya saka da alheri. Amma fisabilillahi, ruɓaɓɓen katako ne fa. On va voir, za mu duba." A zama na huɗu ba a ma sa maganar cikin jerin abin tattaunawa ba.

Ranar wata Talata da hantsi leburori suka fara ɓamɓare gidan. Ba wanda ya gaya wa Baba Mudi. Asibi mai ƙosai ce ta aika a kira shi. Ya iso yana haki, ya tarar har an jingine katakon zauren gefe guda, wani mai gashin nama yana neman saye zai yi makamashi da shi. Waɗanda suka gani sun ce tsohon nan mai shekara saba'in da ɗoriya ya je ya zauna daram a kan katakon, ya ɗora laima a cinya, ya ce sai dai a ƙone da shi. Leburorin suka yi ta dariya, har shugabansu, wani Bamileke da ba ya jin Hausa, ya matso ya tambayi abin da aka rubuta a jiki. Baba Mudi ya shiga karanta masa sunaye ɗaya bayan ɗaya, yana fassara masa garuruwan da Faransanci. Bai kai suna na ashirin ba mutumin ya ɗaga hannu ya ce, "Papa, prenez," wato Baba, kwashe. Ya sa yaransa suka loda katako goma sha ɗaya a amalanke suka tura har ƙofar gidan Baba. Sauran an riga an farfasa su. Sunaye arba'in da wani abu sun tafi a wuta.

Ku duba fa. Mutumin da ba kakansa ko ɗaya a bangon ya fahimta cikin minti goma. Mu da kakanninmu ne suka rubuta, zama huɗu bai ishe mu ba.

Katakon yana ɗakinsa har yau, a jingine bayan gado. Inna Hapsatu, matarsa, ta gaji da mita. "Rahinatu, ki yi wa babanki magana," ta ce da ni. "Na auri mutum ɗaya, yanzu ina kwana da fatake ɗari da ashirin. Ko shara ba na iya yi sai ya ce kada tsintsiya ta taɓa Ɗanbaba." Tana faɗa tana hararar sa, amma ita ce take shafa wa katakon kananzir duk wata saboda gara.

A filin gidan Delu yanzu shagunan waya ne guda huɗu. Baba Mudi bai daina tsayawa a wurin ba. Yakan jera baƙinsa a gaban gilashi ya ce, "Nan ƙofar zaure take, tana kallon gabas," yana zana ta a iska da kan laima. Mai shago na biyu ya taɓa fitowa ya ce yana tare masa ciniki. Baba ya ce, "Ɗana, minti bakwai ne. Ka yi haƙuri, ka saurara ma, a kan gadon wani kake tsaye."

A watan jiya gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Likita ya ce in ya ci gaba da awa uku a ƙafa, nan gaba ko masallaci sai an ɗauke shi. Aka sanar a masallatai uku cewa ranar Lahadi zai yi zagayensa na ƙarshe. Mutum goma sha huɗu suka zo: ɗaliban jami'a tara, Turawa biyu, sai mu 'yan unguwa uku, ni da Affan da Asibi wadda ta rufe kaskonta ta zo tana dogara sanda. A daidai wannan safiyar kwamitinmu yana can yana walimar karrama wani bawan Allah da ya ba da kyautar rumfa. An buga masa takardar yabo mai zanen zinariya. Ban ce bai cancanta ba. Rumfa tana da amfani.

Kai ma, Baba, ba zan ƙyale ka ba, don kai ma ka ba ni haushi. Sau nawa na zo da waya na ce ka zauna in naɗi muryarka? Sau nawa na kawo littafi da biro? Kullum sai ka ce wanda bai taka lungu da ƙafarsa ba, in an gaya masa ma zuba ruwa ne a kwando. Taurin kanka ya kusa kai na kwamiti. Amma na san daga ina ya fito. Ka gaji da mutanen da suke son a ba su a zaune.

Duk da haka, mun gode. Na gode a madadin waɗanda suka yi maka dariya, da waɗanda suka danna waya kana magana, da ni kaina da na yi shekara arba'in ina wuce ka. Kai ne ka hana a ce Hausawan New Bell jiya suka zo. Kai ne ka mayar wa Asibi danginta, ka fisge sunaye ɗari da ashirin daga bakin wuta. Mai laima, ba ka taɓa roƙon a gode maka ba, shi ya sa muka samu sauƙin mantawa. Allah ya ba gwiwoyin nan lafiya, ya ƙara wa Inna Hapsatu haƙuri, ya sa abin da ka taka ya zame maka haske ranar da kowa ke neman haske.

Ku kuma, 'yan unguwa, ga inda aka kwana. Makon da ya bi bayan zagayen ƙarshe na koma gidansa da littafina, na ce yau kam ba zan tashi ba. Ya dube ni, ya dubi takalmin da ke ƙafata.

"Da wannan za ki yi tarihi? Ranar Asabar ki sa na kirki. Ki bi layin mahauta har layin dogo, ki dawo ki gaya mini abin da kika gani. Abin da kika gani, zan gaya miki labarinsa. Abin da ba ki gani ba, ki koma."

Na je sau uku. Sau uku yana mayar da ni. Ranar farko ban lura da wata rijiya da aka rufe da kwano ba, rana ta biyu na kira masassaƙin wata ƙofa da sunan ƙanensa, ya yi mini faɗa kamar na zagi mutum. A haka na cika shafi talatin da ɗaya, kuma ya ce ko rubu'i ba mu yi ba.

Ƙafata biyu ce kawai, unguwar kuwa tana da faɗi, shi kuma shekarunsa ba baya suke komawa ba. Malaman makaranta, limamai, 'yan kasuwa, ku masu babur da kuka fi kowa sanin lunguna, ƙofarsa a buɗe take daga hantsi zuwa azahar. Kada ku jira kwamiti, kuma kada ku jira ranar da za ku tsaya a kansa kuna cewa ai mutumin kirki ne. Ku zo ku taya ni shan faɗan nan, ya yi mini yawa ni kaɗai.