Kailu, mai koya wa mazan Kurfai sakin kaya

Shekarar da masu mulkin wata tashar jiragen ruwa a bakin tekun ƙasar Gwalkwas sunka sake dokar sauke kaya, ruwa ya ci mazan Kurfai. A da, ɗan dako kan yashi yake tsayawa, masu kwalekwale 'yan ƙasar su je inda babban jirgi ya tsaya su kawo kaya har gabanshi. Sai anka ce aikin na da nawa, jirage na jira. Anka ce 'yan dako su shiga ruwa har ƙirji su tarbi kwalekwale, wanda kuma ya bar buhu ya faɗa ruwa a karɓe lambar aikinshi.

Mu kuwa nan, tun yaro bai iya share majina ba ake dukanshi in ya saki igiyar guga. Rijiyarmu zurfi gare ta. Da wannan munka girma: abin da hannu ya riƙe, ba a saki. To, sai raƙumin ruwa ya kayar da mutum da buhun siminti bisa kai, shi kuma ya rungume buhun, su nutse tare.

Kailu ya ga haka da idonshi. Ya daɗe yana dako a can, har masu kwalekwale sunka koya mishi iyo don yana taya su jan jirgi. Da ya wanke gawar mutanen garinsu har ya gaji, ya komo gida Filingue, nan ƙasar Kurfai, bai sake fita ba.

Ga aikinshi tun daga nan. Damina na sauka, tabkin bayan gari ya cika, kowa ya saɓi hauya ya yi gona. Kailu ya saɓi buhun yashi da gora biyu ya yi tabki. Ya zauna ƙarƙashin gawo. Wata rana daga shi sai shanun Fulani da sunka zo shan ruwa. Ba ya tashi, don masu niyyar tafiya teku bayan girbi a ɓoye suke zuwa, ɗai-ɗai, kunya na cin su, kuma wanda ya zo bai iske shi ba ba ya sake zuwa. In mutum ya zo, ya ɗaura mishi gora ya koya mishi bugun ruwa. In ya ɗan iya, ya aza mishi buhun yashi, ya kai shi inda ruwa ke ƙirji, ya kwashe mishi ƙafa ba sanarwa, ya daka tsawa: "Saki!"

Mutanen kasuwa sunka sa mishi suna Sarkin Kwaɗi.

Sahabi, taubashinshi, shi ya fi kowa yi mishi tsiya. Ƙato ne, mai jan ruwa, tafin hannunshi kamar ƙirgi. Ranar da lanho, wato haraji, ya matsa shi ya yanke shawarar tafiya teku, ya biyo ta tabki wai shanu yake nema.

"Sarkin Kwaɗi, ina talakawanka? Ko sun yi maka tawaye?"

"Ga babbansu nan ya iso. Tuɓe."

"Ni? Gaban mi? Ni da ban taɓa yar da guga ba tun da uwata ta yaye ni?"

"Shi ya sa na fi jin tsoronka, bawana. Tuɓe, ko in je in yi wa matarka ta'aziyya tun yanzu, in huta da tafiya biyu."

Sahabi ya tuɓe. Kailu ya kayar da shi, Sahabi ya taso rungume da buhu, ruwa na fita ta hanci, yana murna wai bai saki ba. Kailu bai yi dariya ba. Ya sake kayar da shi. Haka sunka yi ta yi kwana da kwanaki, har ranar da Sahabi ya taso hannu wofi yana zagi. Kailu ya ce, "Yau ka zama ɗan banza. Jeka, za ka rayu."

Sahabi da bakinshi ya faɗa, gaban jama'a a rumfar mahauta, cewa ruwa ya kife da shi a can teku, kanshi ƙasa ƙafa sama, bai san gabas ba. Hannunshi ya ƙi buɗewa. Sai ya ji tsawar nan cikin kunne, ya buɗe. An karɓe lambarshi, ya komo ba ko bargo, mata na nuna shi da baki. Amma ga shi nan, 'ya'yanshi na cin tuwo da ubansu. Irin Sahabi suna da yawa, daga nan har Bonkuku. Mafi yawansu ba su taɓa faɗin inda sunka koya ba.

Kailu, kai ne ka zauna bakin ruwa kai kaɗai muna wucewa muna dariya. Kai ne ka koya wa maza abin da ubanninsu sunka dake su a kai, ka sha zagin tsofaffi wai kana lalata tarbiyya. Ba kumandan da ya aike ka, ba sarkin da ya naɗa ka. Namijin tabki, ruwanka kaɗan, amma ya ƙwaci mutane daga bakin teku.

Tabki da gona lokacinsu ɗaya. Haki ya ci hatsin Kailu bara, ya ci na bara waccan. Balkisu matarshi ta yi haƙuri har ya ƙare. Ta iske shi bakin ruwa ta ce, "Maigida, 'ya'yan wasu kake tsamowa, rumbunka ko ɓera ya yi ƙaura. Ni mi zan daka?" Ta koma gidansu, kuma ba mai ganin laifinta.

Yanzu masu komowa na cewa ana gina wata tasha mai katanga cikin teku, jirgi zai zo har gefe, ƙarfe ya ɗauke kaya, ba mai jiƙa ko wando. An ce in ƙasar ta samu mulkin kai abin zai gyaru. Allah ya sa. Har a gama, ana nan ana shiga ruwa, kuma bana ma samarinmu za su tafi.

Mun gode, Kailu. Allah ya biya ka, tunda mu ba mu biya ba. Ku da ya tsamo, kun san kanku: ku fito ku yi gayya a gonarshi, ɗayanku kuma ya ɗauki buhun nan ya shiga tabki, don shi ya gama shiga. Ruwan da yake haɗiya duk damina ya sa mishi kurkunu, shekara bayan shekara, yana naɗe shi a tsinke ya koma ruwa. Na bana a gwiwa ya fito, ya ruɓe. Likita ya duba ya ce ƙafar ta sandare, ba za ta sake lanƙwasawa ba. A zaune yake salla yanzu, cikin gidan da ba mai miƙo mishi buta.