Akwatin Dattijon Majami'armu

Aikin asibiti ne ya kawo ni Bauchi, 'yan shekaru kafin a sami mulkin kai, ni da maiɗakina da 'yarmu tana goye. Daga ƙauyukan kudu muka fito, inda duwatsu suka fi gonaki yawa. Muka kama hayar ɗaki ciki da falo a wajen Ƙofar Dumi, a gidan wani tsohon baduku, Musulmi, mutum marar yawan magana. Baba muke ce masa, shi kuma ya ce mini Malam.

A bayan ɗakinmu akwai ɗan fili inda aka taɓa ɗaure awaki. Na roƙi Baba ya bar mini shi, na kafa rumfa da tsohon kwano. A makarantar mishan an koya mana aikin katako sama-sama, kuma tun lokacin hannuna yake ƙaiƙayi. Ina da zarto, da guduma, da magagari, da abin fere katako wanda wani malaminmu ya bar mini da zai koma ƙasarsu. Ranar Asabar in na taso daga aiki, sai in tuɓe farar riga in shiga rumfa. Na yi wa maiɗakina kujerar tsuguno da kantar jera kwanuka. Na gyara ƙofar zauren Baba da ta daɗe tana jan ƙasa. Da wani ƙarfe ya karye a keken ɗinkin maƙwabciyarmu, na yi ta gurzar guntun ƙarfen keke da magagari har ya zauna a gurbinsa. Risho, fitilar ƙwai, kwaɗon da makullinsa ya ɓace, duk ana miƙo mini ta kan danga. Sati guda ina wanke gyambo ina ɗaure rauni, ranar Asabar kuwa in taɓa abin da ba ya kuka. Hutuna ke nan.

Mu Kiristocin kudu ba mu da yawa a garin a lokacin: leburorin hanya, masu dafa abinci a gidajen Turawa, 'yan doka, da irina. Muna taruwa ranar Lahadi a wata 'yar majami'ar jinka. Wanda ke riƙe da mu wani dattijo ne, tsohon soja, dogo, mai ɗingishi, yana noma wajen Zungur, yana takowa da ƙafa duk Lahadi. Duk wanda ya haihu ko ya rasa aiki ko aka kulle masa ɗa, wurinsa ake zuwa.

Wata safiya ya same ni a ƙofar asibiti. Wani lebura ɗan ƙasarmu ya rasu, ba shi da kowa a garin.

“Malam, an ce kana taɓa katako,” in ji shi.

“Wasa ne kawai nake yi, Dattijo.”

“To yau wasan zai yi mana rana. Ba ma so mu sa shi a ƙasa haka.”

Na nemi izini na koma gida. Ba ni da katakon kirki, sai akwatunan kananzir da nake tarawa. Na ɓaɓɓalle su, na miƙe tsofaffin ƙusoshin a kan dutse, na harhaɗa. Dattijo ya kawo tsawon mamacin a jikin igiya, ya ƙulla ta a inda ƙafa ta tsaya. Kafin azahar akwatin gawar ya haɗu, rubutun kamfani yana nan ɓaro-ɓaro a gefensa.

Da muka zo fitar da shi ta zaure, Baba yana zaune yana yankan fata. Ya ɗaga kai ya dube shi.

“Malam, wannan fa?”

“Na gawa ne, Baba.”

Ya ci gaba da yankan fatarsa. Can ya ce, “Mu makara ɗaya ta ishi unguwa. A kai mutum, a dawo da ita. Ku kowa da nasa?”

“Haka muke yi.”

“To, aiki ya same ka,” in ji shi. “Allah ya ba ku haƙuri. Amma nan gaba ka riƙa rufa masa tabarma, saboda matan gida.”

Gaskiyarsa, aiki ya same ni. Ba wanda ya naɗa ni, ba a yi shawara da ni ba, amma daga ranar duk wanda aka yi wa rasuwa a cikinmu ƙofata yake nufa. Suna zuwa daga barikin 'yan doka, daga Miri, daga sansanin masu aikin hanya, kowa da igiyarsa a hannu. Mutuwa kuwa ba ta san Asabar ba. Sai in dawo daga aiki ƙafafuna sun kumbura, in tarar da mutum a tsugune a gindin danga, idonsa jawur. Ba a ce wa irin wannan ya dawo gobe. Ga zafin Bauchi, gawa ba ta jira. Kullum cikin gaggawa nake yi, ba fera, ba gogewa, sai dai a buga ƙusa a ɗauka. Ni da nake iya ɓata yini guda a kan ƙafar kujera ɗaya don kada ta yi rawa.

Na taɓa sa wani direba ya kawo mini katakon maɗaci daga Jos, da niyyar yi wa maiɗakina kabad. Bai kai ga zama kabad ba, akwatin gawa ya zama. Ba ta yi mini faɗa ba, sai dai ta daina share rumfar, ta kuma hana yarinyar wasa da ɓawon katako. Matan unguwa suka rage miƙo mini risho da fitila. Wata rana na ji wata tana ce wa ɗanta kada ya leƙa wurin, ba wurin yara ba ne.

Shekarar da za a sami mulkin kai, da bazara, ƙyanda ta shigo gari. Ba na son tuna wannan lokacin. Igiyoyin da ake kawo mini suka gajarce, wata ba ta kai tsawon hannuna ba. Akwatin kananzir ɗaya ya isa, ba sai na haɗa da wani ba. A asibiti in riƙe yaro ana ba shi magani, bayan kwana kaɗan in ga ubansa a gindin danga. Har ta kai in na shiga ɗakin marasa lafiya, idona da kansa yake auna mutum daga kai zuwa ƙafa, ina lissafin katakon da ya rage mini. Abinci ya daina yi mini daɗi. Warin ɗanyen katako da nake so a da, yanzu ba na son jin sa.

Da damina ta sauka ciwon ya lafa. Wata Lahadi bayan an tashi sujada na ja Dattijo gefe.

“Na gaji,” na ce masa. “A nemi wani. Ko a naɗe mutum a tabarma yadda kakanninmu suke yi. Ni dai na gaji.”

Bai yi musu ba. Ya dube ni ya ce, “Na gani a fuskarka tun tuni.” Ya ɗauki sandarsa ya kama hanyar Zungur.

Na ɗaure kayan aikina a buhu na tura ƙarƙashin gado. Asabar ta zo ta wuce, ina kwance a tabarma ina kallon rufi. Ban ji daɗi ba, ban kuma ji baƙin ciki ba. Barci kawai nake yi.

Wajen ƙarshen damina, sai ga Dattijo da rana tsaka, ba Lahadi ba. Ya rame, tari yana cinsa. Ya wuce kai tsaye zuwa rumfa ya zauna a kan bencin aikina. Na duba hannunsa, ba igiya.

“Wa ya rasu?” na tambaye shi.

“Ba kowa. Nawa na zo ka yi mini.”

“Haba Dattijo, wace irin magana ce wannan?”

“Kai malamin asibiti ne, ka ji tarin nan. Ba na so ranar a zo a tsugune maka a danga. Ga ni da raina, ba inda za ni yau ko gobe. Ka yi shi a hankali, yadda ranka yake so. In ya ɗauke ka har kaka, ba komai.”

Maiɗakina tana tsaye da kwanon ruwa, ta ce, “Dattijo, ai ba a yin haka.”

“'Yata, ai ba kiran mutuwa nake yi ba. Ta san hanya.”

Ya miƙe ya jingina da ginshiƙin rumfa, ya ce in auna. Na auna shi yana tsaye, yana ce mini in ƙara kaɗan saboda ƙafarsa mai ciwo ba ta son matsi.

Haka na ciro buhun. Shi ya nemo katako mai kyau, aka kawo a kan jaki. Duk Asabar sai ya tako ya zauna yana kallona, yana ba ni labarin jirgin ruwa da ƙasashen da yaƙi ya kai shi, wani lokaci ya yi gyangyaɗi. Na fere kowane katako har ya yi santsi. Na yanka bakunansu suka shiga juna, ban sa ƙusa ba sai inda ya zama dole. Na gurza hannayen ɗauka daga ƙarfen tsohon gado. Baba ma yakan leƙo, su zauna su biyu, tsoho da tsoho, suna gardamar ko ruwan bana ya kai na bara. Ba zan ce daɗin aikin ya dawo mini ba, domin na san abin da nake ƙerawa. Amma ba wanda yake kuka a bayana.

Ranar mulkin kai gari ya cika da kiɗa. Maiɗakina ta ɗauki yarinyar suka tafi kallon 'yan makaranta da tutocinsu. Ni ina rumfa ina shafa wa murfi mai. Dattijo ya ce shi ya ga isassun fareti a rayuwarsa. Muna jin ihu daga nesa, ya buɗe akwatin, ya cire takalmi, ya shiga ya kwanta. Ya motsa kafaɗa, ya miƙe ƙafa.

“Ya yi,” in ji shi. “Kama ni in fito, kada barci ya ɗauke ni.”

Aka rufa wa akwatin tabarma, aka ɗora a jaki zuwa Zungur. Tarin kuwa ya sake shi da aka shiga kaka. Labari ya zo mini cewa ya cika akwatin da gyaɗa, yana yabon murfin, wai ɓera bai sami ƙofa ba.

Bayan girbi, wata Asabar, ina zaune ina gyara wa maiɗakina mariƙin tukunya, na ji takun sanda a zaure. Ya shigo ya zauna a inda ya saba, ya daɗe yana mai da numfashi.

“Malam, na ba da shi,” ya ce.

Matar wani matashi maƙwabcinsa ce ta rasu wajen haihuwa. Yaron ya ɗauki igiya zai taho wurina, Dattijo ya tare shi a hanya, ya ce an ce na gaji. Ya juye gyaɗar a ƙasa ya ba shi.

“Ya yi mata tsawo,” in ji shi, “amma mun cusa zannuwa wajen ƙafa.”

Na ajiye tukunyar. Bayana yana ciwo, gobe kuma ina da aikin safe.

“Wani kake so?” na tambaye shi.

“In ka huta. Ba gaggawa.”

Na yi masa na biyun, bai kai na farko kyau ba. Shi ma bai kwanta a ciki ba, wani ɗan doka aka sa. Da jirgin ƙasa ya iso Bauchi, kafintoci suka zo suka buɗe shaguna, mutanenmu suka koma can, ni kuma aka yi mini canjin wurin aiki zuwa wani gari. Dattijo ya rako mu tasha da ƙafarsa mai ɗingishi, ya kawo wa yarinyar rake. Ya yi shekaru bayan haka yana noma. Da labarin rasuwarsa ya iso ni an riga an binne shi da daɗewa, kuma wanda ya kawo labarin bai san a cikin me aka sa shi ba.