Rumfar Anti Zaliha

Ranar Asabar ɗin da aka yi sunan ƙanena, ina aji biyar na firamare, na fito da safe ɗauke da bokiti na tarar tsakar gidanmu na Nima ya canza kala. An ɗaura wata ƙatuwar rumfa tun daga ƙofar ɗakinmu har bangon maƙwabta, rana tana ratsa ta tana zubo shuɗi da ja a kan fuskokin matan da ke tsintar wake. Na tsaya ina kallon hannuna ya koma kore. Sai da na ɗaga kai na gane abin da aka ɗaura.

Aikin Anti Zaliha ne. Ita ce ke haya a ɗakin ƙarshe kusa da famfo, doguwar mace marar yawan magana, wadda ta karanci zane. Ɗakinta babu gado sai katifa, sauran wurin duk buhuna ne na ledar fiya wata, da marafan kwalba, da ƙyallayen da teloli suka zubar. Da yamma idan yara suna wasan ampe a lungu, ni sai in zauna a bakin famfo kamar ina wanke-wanke, ina leƙenta. Takan tsaga leda ta wanke ta shanya, ta ware masu shuɗin rubutu daga masu ja, sannan ta ɗinke su da allura da zaren kamun kifi. Har guntun tsohon yunifom ɗina na hango a ciki. Mma Hajiya, mai gidan, takan wuce ta ce, "Zaliha, duniya na kai bola waje, ke kina kawo mana ita gida."

Tun kafin azumi take wannan aiki. Duk gidan an san wasu baƙi za su zo ranar Litinin su duba shi, kuma idan ya yi musu, za su ba ta ɗakin aiki da masauki na wasu watanni tare da masu zane daga ƙasashe daban-daban. Ranar Juma'a ta shimfiɗa shi a kan igiya don ya miƙe, ta hau motar haya ta trotro ta tafi unguwar Malam wajen kafintan da ke yi masa katako, ta kwana can gidan yayarta.

A gidanmu kuwa, idan biki ya zo, babu mai tambaya. Turmi, tabarma, babbar tukunya, duk abin da yake tsakar gida na biki ne, daga baya a mayar maka da tuwo a ciki. Da mai rumfar haya ya ƙi zuwa, samari suka ciro aikin daga igiya suka ɗaura, mata suna ta yabon kyansa. Babu wanda ya yi da mugunta. Sai dai a ƙarƙashinsa aka kafa murhu, aka ɗora tukwanen wake da shinkafa.

Kafin azahar ledar da ke saman wuta ta fara tattarewa kamar fatar tsohuwa. Zaren ya riƙa tsinkewa, marafan kwalba suna faɗowa ɗaya bayan ɗaya a kan siminti. Wari ya tashi, sannan aka ankara. Samari suna kan kwance igiya Anti Zaliha ta shigo, kafinta a bayanta ɗauke da katako. Tsakiyar aikin ta zama baƙin rami wanda babban mutum zai iya shiga.

Mma Hajiya ta riƙo hannunta ta ce, "Wallahi 'yata, don ya yi kyau muka ɗauka." Anti Zaliha ta daɗe tana kallon ramin. Sannan ta juya wajen mahaifiyata ta ce, "Allah ya raya, Mma Fusena," ta shiga ɗaki ta rufe.

Baƙin sun zo ranar Litinin, ba su jima ba. Wani aka ba wurin. Kowace yamma mahaifiyata tana aika ni da kwanon abinci ƙofarta, matan gidan kuma suka fara tara mata leda wankakkiya, har Mma Hajiya. Ta karɓa ta gode, amma ban sake ganin allura a hannunta ba. Kafin damina ta koma unguwar Alajo, daga nan labarinta ya ɓace mana.

Yanzu an rufe tsakar gidan da kwano, rumfar biki kuma a waya ake kiranta, fara sol, duk iri ɗaya. Babu mai taɓa kayan wani sai ya ƙwanƙwasa. Ledar fiya wata tana nan ta cika kwata kamar da, ba mai sunkuyawa ya duba kalar rubutunta. Ni dai na taɓa tsayawa a ƙarƙashin abin da aka yi da ita, kuma safiya ɗaya kacal ya rayu.