Habsatou da Akwatin Birki

Habsatou 'yar Maraɗi ce, shekararta goma sha tara tana zaune a unguwar Mount Hope, can ƙetare. Da kitso ta fara, har yatsunta suka kangare, sannan ta koma girki. Yanzu tirelar abinci gare ta, tana jan ta zuwa kasuwannin titi da wata ƙatuwar akori-kura mai taya shida. Ita ke tuƙi. Ta riga mijinta Rashidu samun permin tuƙi da shekara huɗu.

Bana motar ta fara nuna rubutu a gaban sitiyari, wai birkin tirela da matsala. Akwai wani ɗan akwati a ƙarƙashin motar, kusa da safaya, shi ke sa tirela ta kama birki in direba ya taka. Shi ne ya lalace. Rashidu ya ce a kai wa Barmo bakanike, ɗan wan babansa. Shi kuwa na gida ba a ce masa ya nuna tsohon abin da ya cire, wai rashin kunya ne. Bayan kwana biyu Barmo ya ce ya sa sabo.

Ranar Asabar tana saukowa wani gangare, danja ta yi ja, ta taka. Motar ta kama, tirelar ta ƙi, ta yi ta turo ta har tsakiyar mararraba. Wata mata mai tura jariri a keke, taku ɗaya ya raba ta da gaban motar.

Kafin Juma'a Barmo ya gama baza magana a ƙofar masallaci: ƙafar mace ce, tirela ba tukunya ba ce. Rashidu, maimakon ya tambaya, sai ya karɓe makulli, ya ce za a nemi direba namiji ko a sayar.

Habsatou ba ta yi kuka ba. Kwali ta shimfiɗa a bakin titi ta shiga ƙarƙashin motar da fitilar waya. Ga akwatin nan, kusoshinsa uku sun ci tsatsar gishirin da ake zuba wa titi da hunturu, ko sifana ba ta taɓa su ba. Ashe na'ura kawai Barmo ya jona ya goge rubutun. Ta sayo sabo, ta kalli bidiyon yadda ake canza shi sau shida, ta cire kan batir, ta fesa wa kusoshin mai. Wuni guda ta yi, farcenta biyu suka karye. Da makullin ajiya ta kai motar wani garejin aka saita akwatin da kwamfuta.

Lahadin farkon wata 'yan Maraɗi ke taruwa gidan Alhaji Sulaimanu a unguwar Parkchester, kuma ita ke kawo abinci. Ta zuba wa kowa dambu. Barmo kuwa kula guda ta ajiye masa, a rufe.

"Yaya Barmo, naka daban ne."

"Ka ga matar ƙane ta ƙwarai," in ji shi, yana naɗe hannun riga. Ya buɗe. Tsohon akwatin ne zaune a kan faranti, da kusoshinsa.

"Ci mana. Ai sabo ne, kai ka sa shi."

Mukhtari mai motar haya ya ɗauka ya juya, tsatsa ta zubo masa a cinya. Nan take ya tambayi Barmo wane birki ya sa masa watan jiya.

"Ɗiyata, a yi haƙuri," in ji Alhaji Sulaimanu. "Gida ɗaya ne."

"Baba, zan yi. Amma a ƙofar masallaci ya ce ƙafata ce. Can zai tsaya ranar Juma'a ya faɗi ko hannun wa ne. In ya ƙi, ni zan tsaya da farantin nan."

Barmo ya kalli Rashidu ko zai tsawata mata. Rashidu ya laluba aljihu, ya zaro makullin, ya miƙa mata ta kan kafaɗar yayan nasa.